Fuskar Mikail a Kwalin Banda

Laraba, 5 ga Maris 2014, bayan la'asar

Hanifa ta iso! Jikata ta iso da ranta, da ƙafafunta biyu. Ga ta can kwance a tabarmar kakarta, ina jin numfashinta daga inda nake zaune. Alhamdu lillahi. Don murna rubutun duk ya karkace. Sai yanzu ma na tuna ban sa bisimilla a sama ba, Allah ya yafe mini.

Wata mata 'yar ƙauyensu, Saude, ita ta kawo ta a bayan motar itace daga Konduga. Da matata Ya Fanna ta gan su a bakin ƙofa sai ta saki ludayi, ta dinga "Lale, lale!" kamar ranar suna. Na yanka zakara. Na bi layinmu gida gida ina faɗa, har wanda ba ma shiri da shi na gaya masa.

Saude ta ce ranar da aka far wa ƙauyensu kowa gabansa ya kama. Ta hango ɗana Mikail ya ɗora yarinyar a keke ya nufi wajen gona. Bayan kwana biyu yarinyar ta riske su a hanya, ita kaɗai. Iyakar saninta ke nan, ta rantse mini.

Mikail ya san dajin nan kamar yunwar cikinsa. Zai iso.

Malama Florence, wadda ta koya mana karatu a ajin yamma bayan na yi furfura, takan ce babbar rana a rubuta ta. To ga shi na rubuta.

Alhamis, hantsi

Ba ta ce kome ba tukuna. Gajiya ce.

Asabar, bayan magariba

Da can idan na je ƙauye, tun daga nesa take ihu, "Ga tsoho mai warin kifi nan!" Ni kuma in ce na fasa aurenta. Yau na matsa kusa da ita na ce, "Amarya, yau hancin ya toshe ne?" Ta dube ni yadda ake duban bango.

Shekararta goma. Uwarta ta rasu tun tana goye, Mikail ne uwa, shi ne uba.

Ya Fanna ta zuba burabusko a kwano, ta rufe da faifai, ta kai zaure ta ajiye. Wai kada ya iso ya tarar ba kome.

Mikail bai iso ba.

Litinin, azahar

Na je inda ake ba da cigiyar waɗanda ba a gani ba. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ina hotonsa?" Babu. Bara Mikail ya ƙone katin shaidarsa da hotunansa duka, yadda kowa ya yi a can, don kada a tare mutum a same su a aljihunsa. Na bikinsa yana ɗakinsa a ƙauye, ɗakin da Saude ta ce yanzu ba rufi.

Ya ce to in kwatanta shi. Na ce dogo ne, baƙi, da zanen Barebari a fuska. Ya ɗaga kai ya dubi layin da ke bayana. Na gane. Kowa a layin nan dogo yake nema, baƙi, mai zane.

A cikin keke napep na rufe ido don in ga fuskarsa. Hularsa ta zo, tafiyarsa ta zo, har tarinsa na ji. Fuskar ta ƙi zuwa. Ban gaya wa Ya Fanna ba.

Juma'a, 14 ga wata, la'asar

Tun da sassafe ake harbe-harbe, kusa da mu ƙwarai. Ƙasa na girgiza. Ba wanda ya je masallaci a layinmu. Hanifa ta shige ƙarƙashin gado, ta toshe kunnuwanta. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

Lahadi, bayan azahar

Ba'ana, abokina na kasuwar kifi, ya zo yi mana barka da arziki. Ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauke murya.

"Ajimi, ya kamata a yi wa yaron nan salla. A yi sadaka. Kada ku bar shi a rataye."

Ashe Ya Fanna tana ji daga tsakar gida.

"Ba'ana, ka ga gawa ne?"

"Ban gani ba, Ya Fanna."

"To ƙarasa ruwanka, rana tana yi."

Na raka shi bakin hanya. Na dawo ina tunani. Idan na yi masa salla yana raye, me zan ce masa ranar da ya shigo? Idan na ƙi yi kuma yana can yana jiran addu'armu fa? Mutum ɗaya ce a duniya ta sani, ga ta nan tana kallon bango.

Mikail bai iso ba.

Talata, hantsi

An rufe makarantu. Maƙwabcinmu Malam Pindar, mutumin Shaffa ne, Kirista, malamin zane a wata sakandare. Tun da aka rufe sai ya tara yaran layi a ƙarƙashin dogon yaron gidansa. Yau ya tarar da Hanifa a ƙofar gida tana jan kara a ƙasa. Ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Baba Ajimi, ka riƙa ba ni aron jikarka da hantsi."

"Me za ka koya mata? Baƙi ko lissafi?"

"Zane."

Na ce, "Malam, gari yana ci da wuta, kai kana koya wa yara wasa da gawayi?"

Ya yi dariya. "Kai da ka tafi makaranta da furfurarka, me ka je nema?"

"Na gaji da dangwala yatsa. Ina so in sa hannuna da kaina."

"To ita ma akwai abin da take so ta sa wa hannu. Baki ya ƙi, bari mu gwada yatsu."

Sharaɗinsa ɗaya ne. Duk abin da ta zo da shi gida, kada kowa ya tambaye ta mene ne wannan. A ce mata sannu da aiki, a yi shiru. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ya ce matsalarsa takarda. Na ce ya bar mini wannan.

Alhamis, la'asar

Na je kasuwarmu ta kifi a Baga Road. Ban taɓa ganin kasuwar haka ba tun da nake. Hanyar tafki ta mutu, motocin bandar kifi ba sa shigowa, 'yan dako suna barci a kan baro. Kwalayen da muke ɗura kifi a ciki suna nan jibge, ba abin sawa. Na ɗauro guda ashirin.

Malam Pindar ya farke su da wuƙa, ya yanka falle falle. Gawayinsa ma ba na murhu ba ne. Ƙananan rassa yake cusawa a gwangwani, ya rufe, ya tura cikin wuta, su fito sirara kamar alƙalami. Idan an gama zane sai ya jiƙa ƙaro, ya yayyafa a kai da tsintsiya don kada ya goge. Na ce ashe abin da ilminsa. Ya ce, "Da ka ɗauka shekara huɗu na yi a Zariya ina cin gyaɗa?"

Duk makarantar tasa yanzu warin kifi take yi.

Asabar, azahar

Ta dawo hannu baƙi ƙirin har gwiwa. Ta cinye abincinta, ta miƙa kwano a ƙara! Ya Fanna ta juya baya tana goge ido da bakin gyale.

Tsamiya ta zana. Babba, da rassa kamar za ka kama. Na ce sannu da aiki.

Bayan ta fita Ya Fanna ta ce, "Yau itace, gobe mutum. Ka san mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto." Na ce mu bari goben ta zo.

Litinin, azahar

Tsamiya kuma.

Talata, azahar

Tsamiyar dai. Yau ta ƙara rijiya a gefe. Sannu da aiki.

Mikail bai iso ba.

Alhamis, 27 ga wata, bayan la'asar

Ban so in rubuta na yau ba.

Ta zo da tsamiyar. A gindinta keke ne kwance. A bayan keken akwai 'yar kujerar katako, wadda ni na ƙera da hannuna lokacin da aka yaye ta, Mikail ya ɗaure da roba. Har robar ta zana.

Ban san lokacin da na kama kafaɗunta ba. Na ce ina ne nan? Tsamiyar wace gona ce? Ina mai keken? Na yi da Barbarci, na yi da Hausa. Na girgiza ta. Muryata har waje.

Ta yi fitsari a tsaye.

Ya Fanna ta fizge ta daga hannuna. Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi mini irin kallon nan ba.

Juma'a, magariba

Ba ta je ba. Ba ta ci ba.

Asabar, magariba

Haka dai. Idan na shigo sai ta koma bayan kakarta.

Lahadi, la'asar

Malam Pindar ya biyo bayan ya taso daga coci. Na gaya masa da bakina. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce ƙanensa ma tun bara ba labari, shi kuwa ba shi da ko mai zana masa tsamiya. Ban taɓa sani ba, ga shi katanga ɗaya ta raba mu.

Da zai tafi ya ce, "Gobe ka zo kai kaɗai. Ka taho da kifi guda."

Litinin, azahar

Ya zaunar da ni a tabarma tsakiyar yara, ya ajiye tarwaɗar da na kawo a kan kujera, ya miƙa mini gawayi. Ni da jikoki, gemuna fari. Na ce ai ni da kifi ba a yi mana gabatarwa. Na ja, na ja, na ɗaga kwali.

Wata 'yar ƙarama ta ce, "Malam, Kaka ya zana silifa!" Yara suka kwanta da dariya.

Malam Pindar ya ce, "Tun yaushe kake sayar da kifi?"

"Tun kana cikin tsumma."

"Gashin bakin tarwaɗa nawa ne?"

Na san nauyinta, na san wadda ta sha hayaƙi da wadda aka cuce ta, na san ta Baga da ta Doro da hanci kawai. Amma kallonta ban taɓa yi ba. Ya ce, "Ka daina zana wadda ke cikin kanka. Dubi wannan ta kan kujera. Ita ce baƙuwarka yau."

Na kawo silifata gida, na yar a tabarma, na tafi alwala. Da na dawo na tarar Hanifa a durƙushe a kai. Ta ɗauko gawayinta. Ta lanƙwasa wutsiyar, ta faɗaɗa kan, ta ja gashin baki ɗaya bayan ɗaya. Sai ga kifi. Ta turo mini da yatsa ɗaya, ba ta dube ni ba.

Na ce sannu da aiki.

Laraba, bayan la'asar

Tare muke zuwa yanzu. Tana gaba, ina baya da kwalayenmu. Ba'ana ya ji labari, ya aiko a tambaye ni wai ko in an ba da hutu zan zo kasuwa. Na ce a gaya masa ya zo in zana shi, ai na ƙware a silifa.

Wani abu ya same ni tun da na fara wannan kallon. Ɗazu Ya Fanna tana tsince shinkafa, na dube ta yadda Malam ya ce a dubi baƙo. Ta tsufa a wata guda. Wuyanta ya zama kamar kara. Tana nan kusa da ni kullum, ban gani ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, azahar

Ta yi magana! Hanifa ta yi magana!

Yau darasin fuska aka yi. Malam ya nuna musu inda ido yake zama, wai a tsakiyar kai ne, ba can sama ba yadda kowa ke zato. Ya ce kowa ya zaɓi wanda zai zauna masa. Sai na ji an ja hannun rigata.

Na zauna a kan turmi. Tana dubana, tana duban kwali. Rabon da ta dube ni cikin ido tun ranar da na yi abin da na yi. Ƙuda ya sauka a hancina, na kai hannu.

"Kaka, daina motsi."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Malam Pindar ya juya yana gyaran abin da bai lalace ba. Ni kuwa ban motsa ba. Hawaye ya bi gemuna, ƙudan ya yi abin da ya ga dama, ban motsa ba.

Ba ta nuna mini zanen ba. Ta kife shi, ta bar shi a can.

Litinin, bayan azahar

Na sake zama. Har yara suka watse tana yi. Daga baya ta daina dubana ma. Malam ya shige cikin gida ya bar mu.

Sannan ta juyo da kwalin.

Goshina ne, hancina ne. Amma ba gemu, ba furfura. Ga zanen fuskarsa, har wanda wanzami ya karkatar a kuncin hagu. Ga kunnen da ƙaho ya tsaga yana yaro. Fuskar da na yi ta nema a cikin kaina, ga ta a kwalin banda.

Idanunsa a rufe.

Tambaya ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce, "Sannu da aiki."

Ta daɗe tana murza gawayi a yatsunta. Sannan ta ce da Barbarci, a hankali, "Ni na rufe masa. Na jawo ƙaya na kewaye shi saboda karnuka. Na karanta masa Ƙulhuwallahu, ita na fi iyawa. Kaka, ta isa?"

Na ce ta isa. Na ce ko liman iyakar abin da zai yi ke nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin ɗin dai, magariba

Ban iya gaya wa Ya Fanna da baki ba. Na ajiye kwalin a gabanta. Ta share hannunta a zane kafin ta taɓa. Ta bi zanen kuncin da yatsa daga sama har ƙasa. Ba ta yi maganar mala'iku ba. Ta jawo Hanifa ta ɗora a cinya kamar jaririya, suka yi ta yi su biyu. Yau yarinyar ta yi kuka.

Talata, la'asar

An yi masa salla a masallacin layinmu. Ba'ana ne a damana. Malam Pindar da matarsa Ketura sun zo gaisuwa, ta kawo kunun gyaɗa a babbar roba, shi kuma ya zauna a bakin tabarma har rana ta faɗi.

Laraba

Ba abin rubutawa.

Alhamis, bayan la'asar

Da hantsi, bayan masu gaisuwa sun ragu, ta zo ta tsaya a kaina da sabon kwali.

"Kaka, ba na so mutane su gan shi yana haka. Amma na manta yadda idonsa yake a buɗe. Kullum rufaffen nake gani."

Sannan ta nuna idona da gawayi.

"Malam ya ce in duba naka. Wai a wurinka Baba ya samo nasa."

Na zauna a kan turmin Ya Fanna a tsakar gida. Ta yi, ta goge, ta yi, ta goge. Ta ajiye gawayi.

"Ba haka ba. Idon Baba dariya yake yi. Naka kamar na akuyar da aka kai kasuwa."

Na yi ƙoƙari. Wa zai iya dariya kwana biyu da yi wa ɗansa salla? Sai Ya Fanna, wadda tun Litinin ba a ji bakinta ba, ta ce daga bakin murhu, "Tuna masa ranar da ya faɗa kwalbati da sabuwar babbar riga, yana kallon mai tallan fura." Ƙarya ce, ba ita nake kallo ba. Na buɗe baki in kare kaina, dariya ta ƙwace mini, ta haɗu da kuka, ban san wanne ne wanne ba.

"Tsaya haka! Kaka, tsaya haka!"

Na tsaya.

Juma'a, 11 ga wata, bayan an sauko

Ta gama. Malam ya yayyafa ƙaro, ya bushe.

Mikail ne. Yana kallona. Duk inda na koma a ɗakin yana bi na da ido, kamar zai ce Baba ka ci abinci kuwa? Ba ni da kabarin da zan nuna wa kowa. Ban san ko wace tsamiya ba ce, ba kuma zan tambaya ba. Amma jikata, 'yar shekara goma, ta dawo mini da fuskar ɗana da ɗan itacen da ya ƙone.

Na yi wa liman maganar hoto. Ya ce kada a rataye. Ba za a rataye ba. Ya Fanna ta naɗe shi a sabon zanenta, ta sa a akwati, ta ce wanda ya zo ita za ta buɗe masa, kuma sai ya wanke hannu.

Bayan salla na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa, na kuma aika Baga Road, na aika wa Saude da mutanen ƙauyensu inda aka sauke su. Litinin za a yi sadakar bakwai. Wanda ya san Mikail ya zo, wanda bai san shi ba ma ya zo ya san shi. Masu nasu a daji, waɗanda muka yi layi tare, su taho da yaransu, akwai sauran kwali, Malam ya ce inuwar ta ishi kowa. Unguwar Mairi ce, layin bayan masallaci, gida na kusa da mai dogon yaro. Ku yi sallama ku shigo. Ku zo ku ga ɗana, idonsa biyu.